Babi na Shida: Dajin Giginya a Bakin Kwara

Duk wanda ya tashi a Talata Mafara ya san muruci tun kafin ya san giginya. Da sanyin hunturu ya sauka za ka ga 'yan mata da faranti a ka, an jera shi dafaffe, dogo-dogo kamar ƙaramin rogo. Ka saya, ka ɓare ɓawon, ka karya shi biyu, ka zare 'yar sandar nan ta tsakiya ka yar, sannan ka tauna, gari-gari da ɗan ɗaci a ƙarshen harshe. Na yi shekara da shekaru ina cin muruci ban taɓa tsayawa na tambayi kaina abin da nake ci ba. Sai wata Talata, ina tsaye wajen wani mai sayar da ɗanyensa buhu-buhu a kasuwarmu, na ce masa, "Alhaji, wai duk wannan ina ake haƙo shi, tunda mu nan giginyarmu ba ta fi a ƙirga ba?" Ya ce, "Malam, wanga daga Kamba yaf fito, su ma 'yan Kamba daga ƙasar Gaya suka ɗauko shi. In giginya kaka son gani, can za ka."

Maganar ta zauna mini a rai, kuma da bazara ta zo na shirya. Wannan shekarun baya ne, lokacin da mutum ke iya fita Mafara da asuba ba tare da ya tambayi labarin hanya ba. Mota ta bi da mu ta Lambar Bakura da Tureta zuwa Sakkwato. A can na wuce ta gaban filin wasa na Giginya, wanda ya samo sunansa daga fagen da rundunar Sarkin Musulmi Attahiru ta kara da Turawan Ingila ranar 15 ga Maris, 1903. Akwai barikin soja mai wannan suna, akwai otal. Sunan na nan ko'ina a birnin, itacen ne sai an nema. Daga Sakkwato muka yi Argungu, Birnin Kebbi, Kalgo, Bunza, har Kamba, inda na kwana. Washegari na tsallaka iyaka, tafiyar kuma 'yar gajeriya ce zuwa Gaya.

Gaya ita ce ƙarshen Jamhuriyar Nijar ta kudu, cikin jihar Doso, a bakin kogin Neja da mutanen Kabi ke kira Kwara. Gada ce ta haɗa ta da Malanbil ta ƙasar Benin. Nan ne yankin da ya fi samun ruwan sama a Nijar, kusan milimita 800 a shekara, kuma Dendawa da Kyangawa da Hausawa da Zabarmawa da Fulani duk suna zaune cikinsa, Hausa kuwa tana kai ka duk inda kake so. Amma ruwan sama ba shi kaɗai ya tara giginya a wurin ba. Akwai wani tsohon kwari da ake kira Dallol Mawri, hanyar wani kogi da ya ƙafe tun zamanin da Sahara ke da danshi. Ya gangaro daga arewa ta Dogon Dutsi, ya haɗu da Dallol Foga, inda ake dafa gishirin Foga da fatake suka daɗe suna kawo mana, sannan ya faɗa Kwara kusa da Dole. Ruwa ba ya gudu a samansa, amma yana kwance kusa a ƙarƙashi, har a wasu wurare gaba ɗaya ko biyu za ka haƙa ka tarar da shi. Abin da giginya ke so ke nan: ƙafa cikin danshi, kai cikin rana. A wannan kwari da gaɓar kogin akwai dajin giginya da ya kai kimanin hekta 30,000, ya ratsa ƙasar Bengu da Bana da Tunuga, ya bi bakin ruwa har wajen Albarkaize.

Wani saurayi ɗan kabu-kabu ne ya ɗauke ni. Da farko ɗaya-ɗaya muke ganinsu, kamar yadda ake ganinsu a fadamarmu. Can sai biyar-biyar, goma-goma. Ban ankara ba sai na ga babu inda ido zai sauka bai sauka kan giginya ba, gabas da yamma, har iyakar gani. Gangar jikinsu toka-toka, miƙe sambal kamar ginshiƙan masallaci, wasu sun kai tsawon mita ashirin ko fiye, kuma kowace babba tana da ɗan kumburi can sama da tsakiya, kamar maciji ya haɗiyi ƙwai. Na ce ya kashe mashin. Da injin ya yi shiru sai na ji abin da ban taɓa ji ba. Iska tana kaɗa ƙarri, wato ganyen nan mai kama da mafici, faɗinsa ya fi tsayin mutum, dubbai a lokaci guda, sautin kamar ruwan sama na dukan kwanon rufi daga nesa. Tsattsewa suna ta shawagi suna shigewa ƙarƙashin busasshen ganyen da ya rataya. Wannan tsuntsuwa a jikin ƙarri take manna sheƙarta da yawunta, har ƙwan ma manna shi take yi don kada iska ta zubar. Ga ƙamshin nunannun 'ya'ya ya cika wurin, zaƙi-zaƙi mai nauyi. Ina tsaye ina ɗaga kai sai na ji tim a bayana, wata ta faɗo, ja-ja ruwan lemo, girmanta ya kusa kan jariri. Saurayin ya ce, "Yaya, matso daga gindin nan. In wagga ta same ka a ka, sai dai a ɗauke ka."

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, wurin da ake kira daji gonaki ne. Ƙarƙashin giginyun nan kunyoyin bara ne, ga kututturen gero da na dawa, ga shanun Fulani suna kiwon kara, can cikin kwari ga gonakin shinkafa da rogo da rake. Mu a gida muna da karin maganar da ke cewa inuwar giginya na nesa ka sha, muna jifar mutumin da alherinsa ke tsallake 'yan'uwansa ya faɗa kan bare. Tun ina yaro na ɗauke ta zargi ce ga itacen. A wannan rana na ga ashe abin da muke zarginta da shi ne ya sa manomi ke iya zama da ita. Kanta yana can sama, inuwarta 'yar kaɗan ce kuma tana yawo da tafiyar rana, ba ta zama wuri ɗaya balle ta danne shuka. Manomi zai sare mangwaro ko darbejiya in ta rufe masa gero, amma giginya talatin za su tsaya a gonarsa ya kuma cika rumbu.

A wani ƙauye kusa da Bengu aka haɗa ni da wani dattijo da ya daɗe cikin masu kula da dajin. Na durƙusa na gaishe shi, ya tambaye ni mutanen gida da hanya, da ya ji daga Mafara nake sai ya yi murmushi ya ce shinkafarmu ta sha zuwa kasuwar Kamba. Ya ɗauki sandarsa ya ce in biyo shi.

Farkon abin da ya koya mini shi ne giginya akwai namiji akwai mace. Macen ce ke 'ya'ya, namijin fure kawai yake yi, dogaye kamar wutsiya, amma shi ya fi ƙarfin itace, don haka shi masu azara suka fi nema. Sannan ya kai ni wajen wani ɗan ganye guda biyu da suka ɓullo daga ƙasa, wanda da ni kaɗai ne sai in taka shi in wuce. Ya ce, "Ɗana, shekara nawa kaka ba wagga?" Na ce ko wata shida. Ya ce, "Damina ukku ta gani." Giginya takan yi shekara shida, bakwai, har takwas tana ƙasa ba ta da ganga, tana kafa gindi a ɓoye. Duk tsawon wannan lokaci akuya na iya cinye ta, garma na iya tsinke ta, wutar sassabe na iya ƙone ta, mai neman ganyen saƙa na iya yanke ta. In ta tsira ta tashi, sai ta yi shekara ashirin ko fiye kafin ta fara 'ya'ya sosai. Kumburin nan na sama ba ya fitowa sai ta kai wajen shekara ashirin da biyar, azara mai kyau kuwa sai ta wuce haka da nisa. Ya dafa wata babba ya ce, "Wagga ta girmi babanka. Awa guda ta isa a kada ta."

Kuma in an kada ta, ta tafi ke nan. Goruba in ka sare ta takan tohu daga gindi ta zama kaba, a ci gaba da yankan ganyenta ana tabarma da igiya da faifai. Gawo da kalgo da sabara duk suna tohuwa daga kututture, wanda a kan haka ne manoman Maraɗi suka gina sassabin zamani tun shekarun 1980, suka mayar da miliyoyin itatuwa gonakinsu ba tare da dashe ba. Giginya kanta ɗaya ne, ranta ɗaya ne. Ba ta da hanyar haihuwa sai ƙodago.

Nan ne muka zo kan muruci. Ya nuna mini wani fili a bayan gari inda mata da yara ke ta tara 'ya'yan giginya tsibi-tsibi. Kowace 'ya tana da ƙodago biyu ko uku a ciki. Da damina ta faɗi za a jera su a ƙasa mai laushi, a rufe da rairayi. Ƙodagon zai tsiro, ya tura wani farin tsiro ƙasa, duk abincin da ke cikinsa ya gangara ya taru a wurin. Bayan wata shida zuwa takwas sai a tone. Wannan tsiron shi ne muruci. Wato kowane muruci ɗaya da na ɓare a Mafara giginya ce guda da aka tone tun tana jaririya. Na faɗa masa haka, ina jin nauyin abin. Ya ce, "Gaskiya ne, amma kada ka ce a daina. Da kuɗinsa muka aurar da ɗiya, da shi muka sayen taki. Giginya guda tana zubar da 'ya'ya ɗaruruwa a rayuwarta, ba duka aka buƙata su tashi ba. Illa dai in an kwashe duka, ba a bar ko ɗaya ba." Wannan ita ce matsalar da suka fi fama da ita yanzu. Kasuwar muruci ta Nijeriya ba ta ƙoshi, yara kan fita tun asuba da fitila su tsince duk abin da ya faɗo cikin dare, har akwai wuraren da za ka ga manyan giginyu reras amma babu ƙanana a ƙarƙashinsu. Dajin da babu yara a cikinsa, ko yana da kyan gani, kwanakinsa ƙirgaggu ne.

Azara ita ce ɗaya bakin da ke cin dajin. Ana tsaga gangar giginya a tsaye, a zubar da tsakiyar mai laushi, a ɗauki ɓangaren waje mai baƙin zare, wanda gara ba ta ci kuma ba ya saurin ruɓewa. Duk wani tsohon soro a ƙasar Hausa a kan azara yake tsaye. Da ita magina ke ɗaura bakan gizo da daurin guga, su haɗa gajerun azara ɗaya kan ɗaya cikin laka har su rufe zaure mai faɗi ba tare da ginshiƙi a tsakiya ba. Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19 da wannan fasaha aka yi shi. A gidan kakana a Mafara akwai zauren da azararsa ta ga haihuwar mahaifina ta ga tawa, bangon ne ya gaji kafin ita. Abu mai irin wannan daraja dole a neme shi, kuma manyan motoci sun yi shekaru suna kwasarsa daga Gaya zuwa Yamai da biranen Nijeriya.

Dokar gandun daji ta Nijar ta 1974 ta sa giginya cikin itatuwan da aka hana sara sai da izini, tare da goruba da gawo da kaɗanya da tsamiya da wasunsu. A takarda wannan kariya ce. Dattijon ya ba ni labarin yadda abin ya kasance a gona. Ya ce giginya ta zama ta gwamnati, ko da kakanka ne ya bar ta a gonarka. In ka sari ganye a ci ka tara. In rufin ɗakinka ya faɗi ba ka da ikon taɓa wadda ke bakin ƙofarka. Amma wani baƙo zai zo daga birni da takarda a hannu, ya kada goma a gonarka, gangar ta faɗa kan shukarka, ya loda ya tafi, ko sannu babu. Ya ce, "To, ɗana, in kai ne, ka ga ƙarama ta tsiro cikin kunyarka, mi za ka yi?" Ban amsa ba, don na san amsar. Hauya ɗaya ake sa mata tun ba wanda ya gani. Haka dokar da aka yi don tsare giginya ta mayar da manomi abokin gabarta, manya na tafiya a mota, ƙanana na mutuwa a bakin hauya.

Tun ƙarshen shekarun 1970 aka fara ayyukan raya dajin, amma sauyin da mutanen wurin ke ambato ya zo ne a shekarun 1990, lokacin da aka kawo wani shiri da tallafin ƙasar Suwizalan da ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, aka mayar da kula da dajin hannun ƙauyuka. Kowane gari ya kafa kwamitinsa, ya zaɓi masu gadi daga cikin 'ya'yansa. Ana zagayawa tare da ma'aikatan gandun daji a sa wa matattu da waɗanda iska ta kayar da tsofaffin da suka gama aiki alama, su kaɗai za a tsaga. A sayar da azarar a kasuwar garin, a raba kuɗin tsakanin asusun gari da hukuma. Duk shekara kuma a fita gayya a binne ƙodago a inda ya yi ƙaranci. Ya ce da kuɗin azara suka gyara rijiya suka ƙara aji a makaranta, kuma tun daga ranar da mutane suka ga haka, ɓarawon giginya ya zama ɓarawon gari. Bai ɓoye mini cewa tsarin yana da rauni ba. Akwai kwamitin da ya ci amana, akwai masu gadi da suka gaji da aikin da ba albashi, akwai masu zuwa da dare su tsaga su tsallaka iyaka kafin gari ya waye, da shirin ya ƙare kuma wasu garuruwan suka yi sanyi. Duk da haka na ga ƙananan giginyu a tsakiyar kunya an kewaye su da ƙaya, kuma ba malamin daji ne ya kewaye su ba. A 2004 aka sa Dallol Mawri cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci na duniya ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar.

Da la'asar muka gangara bakin Kwara. Kogin nan sau biyu yake cika a wannan yanki, da damina da ruwan wurin, sannan da hunturu in ruwan da ya taso tun daga tsaunukan Gini ya iso bayan ya yi watanni a hanya. Da bazara sai ya ja baya, ya bar rairayi fari tas, shimfiɗe kamar an share. Na cire takalmi. Sama-sama rairayin da zafi, amma in ka nutsa ƙafa sai ka ji sanyi. Giginyu sun biyo gaɓa har kusa da ruwa, hotonsu na rawa a ciki. Sarkawa na zaune gindin kwale-kwale suna ɗinkin taru, mata na wanki suna shanya a kan rairayi, yara na ta tsalle cikin ruwa tsirara, hayaƙin bandar kifi na tashi daga bukkoki. Tsallake kuwa ƙasar Benin ce, kusa har kana jin kiran sallarsu. Wani garken kirinjijiya ya taso daga wani tsibiri yana fito. Wani Basarke ya nuna mini wata gaɓa can ƙasa ya ce kada in yi wanka a wurin, dorina na kwana. Ya kawo mini 'yar giginya nunanna da aka gasa, na yaga da haƙori na tsotsi zaren, bakina da hannuna duk suka yi ruwan lemo. Na yi alwala a kogin, na yi sallar magariba a kan rairayi, ƙarri na ta kaɗawa a bayana. Abu ɗaya ya sosa mini rai, shi ne baƙar leda da ruwa ya kwaso daga gari ya rataya a jikin ciyawar gaɓa.

Mu da Allah ya ajiye nesa da teku, irin wannan ne bakin tekunmu. Akwai wani wuri a ƙasar Girka da ya yi suna a duniya saboda abu mai kama da wannan. Sunansa Vai, a gabashin tsibirin Kirit, inda wani irin dabinon daji da bai cika samuwa a wani wuri ba ya gangaro kwari har bakin teku. Itatuwan kimanin 5,000 ne, kuma shi ne dajin dabino na asali mafi girma a duk Turai. A shekarun 1970 matasa 'yan yawon duniya suka mamaye shi, suna kwana a ciki, suna hura wuta, suna zubar da shara, har ya kusa lalacewa. Hukuma ta ayyana shi wurin kariya a 1973, a farkon shekarun 1980 kuma aka fitar da masu kwana aka kewaye shi da shinge. Yau baƙi na zuwa da rana su yi wanka a bakin ruwa su kalli dajin, dare ya yi a rufe. Dajin ya farfaɗo, kuma mutanen yankin na ci daga baƙin da yake jawowa. Shinge ya yi aiki a can don wurin ƙarami ne kuma ba a noma a ciki. Itatuwan Vai gaba ɗaya ba su kai na ƙasar ƙauye ɗaya a Dallol Mawri ba, kuma babu wayar da za ta kewaye hekta 30,000 da dubban iyalai ke ci daga cikinta. A Gaya mai gonar ne shingen, in ya ga ribarsa.

Na dawo gida da ƙodago goma sha biyu a jaka da tunani mai yawa. Mu ma muna da ruwa. Madatsar Bakolori da kamfanin Impresit na Italiya ya gina a kan gulbin Sakkwato daga 1974 zuwa 1978 ta tara tafki mai faɗin kimanin hekta 8,000 a ƙasar Maradun, kuma daga gare ta ne magudanai suka ratsa ƙasar Mafara da Bakura. Shinkafar da dattijon nan ya yaba daga nan take. Amma duk ɗan yankin ya san farashin da aka biya. Ruwa ya tashi mutum kimanin 13,000 daga gidajensu. A filayen da aka ware don ban-ruwa, katafila ta baje ƙasa, ta tumɓuke itatuwan da mutane suka gada, kuma diyyar gonaki da ta itatuwa na cikin abin da ya sa manoma suka tare hanyoyin aikin. Ranar 28 ga Afrilu, 1980, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe musu wuta a Birnin Tudu da kewaye. Gwamnati ta ce mutum ashirin da 'yan kai suka mutu, mutanen yankin suka ce ɗaruruwa ne. Har yau akwai gidajen da ba a ambaton ranar sai an yi shiru. Mutanen da suka tsaya gaban bindiga saboda gonarsu da itacensu ba sa buƙatar wani ya zo ya koya musu darajar itace. Abin da suka koya daga wancan zamani shi ne, abin da ka raina shekara talatin ana iya tumɓuke shi da safe ɗaya ba a tambaye ka ba. Ina ganin wannan na cikin dalilan da suka sa ba a mayar da abin da aka cire ba.

Lokacin da muke yara, zuwa kallon dam na cikin shagalin Sallah. Mukan tsaya kan bangon mu kalli ruwa har inda ido ya ƙare. Yanzu in na tuna wurin, abin da nake gani shi ne gaɓa tsirara, rana na dukan ta, babu inda baƙo zai zauna. Ga danshi kusa, ga rairayi, ga rana, duk abin da giginya ke nema. Haka gefen manyan magudanai, haka bakin tafkin Natu a Bakura, haka iyakokin gonakin fadama. Na san halin da ake ciki. Akwai gonakin da masu su ba sa iya zuwa saboda 'yan bindiga, akwai ƙauyukan Maradun da suka watse, kuma mutumin da bai san inda zai kwana gobe ba, ba a yi masa maganar itacen shekara ashirin. Amma akwai wurare da yawa da har yanzu ake noma rani da damina, kuma giginya ba ta neman a yi mata gandun reno ko a saya mata leda ko a ɗauko mata ruwa a jarka. Rami take so mai zurfin tafin hannu a farkon damina, da 'yar ƙaya a kewaye, da mutumin da ya tabbata cewa in ta girma tasa ce da 'ya'yansa.

Wannan tabbacin shi ne abin da nake roƙon sarakunanmu na Mafara da Bakura da Maradun da hukumar kogin Sakkwato da Rima su bayar a fili, a rubuce: wanda ya raini giginya a gonarsa ko a gefen magudanar da ke kusa da shi, 'ya'yanta da ganyenta da azararta nasa ne. Kwalejin aikin gona ta Bakura da kwalejin Abdu Gusau ta Mafara suna da filaye da ɗalibai, za su iya fara layi ɗaya a bakin shingensu a daminar bana.

Cikin ƙodago goma sha biyun da na binne a iyakar gonarmu, bakwai suka tsiro. Awaki sun ci biyu a shekarar farko kafin in koyi kewaye su da ƙayar magarya. Biyar na nan, ganyensu ya kai ƙirjina, ko ɗaya ba ta fara ganga ba tukuna. Kai kuma mai karatu, in kana cikin masu binne ƙodago don muruci, in ka jera ɗari bana, ka ware goma ka kai su iyakar gona, ka sa musu ƙaya, kada ka tone su.